Karnukan Ilu Ba Su Taɓa Cizon Kowa Ba

In ka shigo kasuwar Kurfi ta wajen 'yan awaki, za ka ga wani dogon mutum mai furfura a haɓa, zaune a kan buhu, igiyoyi jibge a gabansa. Ilu ke nan. Igiyarsa ba ta tsinkewa, wannan kowa ya shaida, amma ciniki da shi sai mai haƙuri, don ba ya talla, ba ya kuma ɗaga kai ya dubi mai saye. Baƙi sukan ɗauka girman kai ne. Ni da na san shi tun muna yawo ba takalmi, na san ba haka abin yake ba.

Sunana Yelwa, abinci nake sayarwa a kasuwar, shinkafa da wake da taliya. Ilu taubashina ne, ɗan gwaggona, saboda haka maganar da wani zai faɗa masa a kai ruwa rana, ni in na faɗa sai dai a yi dariya. Na kuwa mori wannan dama son raina. Na daɗe ina kiransa Sarkin Karnuka, shi kuma yana ce mini Uwar Ƙanzo. Yanzu duk mun bari.

A wani ɗan ƙauye bayan Ɗantutture aka haife shi. Ubansa mafarauci ne, gidansu karnuka sun fi mutane yawa, kuma tun yana ƙarami ya fi jin maganar karnukan a kan ta mutanen. Da ya girma daji ya riga ya ƙare, babu sauran abin farauta sai ɓera da gafiya. Noma kuwa bai karɓe shi ba. Ilu ne zai shuka gero ya tsaya kallon tsuntsaye suna ci. A ƙarshe ya samu gadin gonakin rani a bakin madatsar ruwan Zobe, shi da wata tsohuwar karya da ya gada, ya yi shekaru a can har matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo ta yi aure a Dutsin-Ma. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, ya tattaro 'yan komatsansa ya dawo Kurfi, kamar yadda kowa ke yi.

Abin da ya tarar shi ya hana shi sukuni. Mai gudun hijira zai ɗora tabarma da tukunya da akuya a mota, amma babu direban da zai yarda a sa masa kare. Sai karnukan su biyo motar da gudu har gari, ko kuma su zauna gadin kango har yunwa ta koro su. Suka cika bayan mahauta, ƙashin haƙarƙari a waje, kaska har cikin kunne. Yara na jifa, manya na kora. Wata rana wata karya ta ciji wata yarinya a bakin famfo, washegari samari suka fito da sanduna suka kashe duk wanda suka samu, mai laifi da marar laifi. Daga nan kuma wata babbar mota mai keji ta fara zuwa lokaci lokaci, mutanenta suna karɓar karnuka su yi nisa da su. Ba wanda ya taɓa tambayar inda ake kai su, don kowa ya sani, kuma babu karen da ya taɓa dawowa.

Wannan mota ita ce abin da Ilu ya tsana a duniya. In ya ji ƙarar ta, abincin da na zuba masa ma ba ya iya ƙarasawa. Ya ce mini in dai yana numfashi, karen da ya shigo hannunsa ba zai hau ta ba.

Na ce, "To ai sai ka aure su, tunda gidan naka ba kowa."

Bai kula ni ba. Ya tashi ya nufi wurin Alhaji Mas'ud, wani babban mai hatsi da ke da rumbuna a gefen kasuwa. A bayan rumbunan akwai fili da tsohuwar tsamiya, kusa da inda nake kafa tukwanena. Ilu ya roƙi a ba shi aron wurin, ya riƙa tara karnukan da aka bari, ya yi musu magani, ran kasuwa kuma ya ba duk mai bukatar na gadi, kyauta. Alhaji ya aika aka tambayi Malam Ubaidullahi, limamin unguwar. Malam ya ce kare na gadi da na noma da na farauta babu laifi, a dai kiyaye tsarki. Sannan Alhaji ya kafa sharaɗinsa, ina tsaye ina ji.

"Malam Ilu, hilin ga na ba ka. Amma ka ji da kyau. Ranar da haƙorin kare ya taɓa jikin ɗan mutum a nan, ko ƙwarzane ne, ranar za ni kira masu motar nan da kaina."

"Na ji, Alhaji. Ba za a ciji kowa ba."

A kan wannan magana Ilu ya ɗora sauran rayuwarsa. Ban taɓa ganin mutum mai taka-tsantsan irin nasa ba, har abin ya riƙa ba ni haushi. Sabon kare ba ya zuwa gindin tsamiya sai ya yi kwanaki a ɗaure a gidansa yana duba shi, ko yana dalalar da yawu, ko yana gudun ruwa, don mahaukacin kare shi ne babban abin tsoro. Wanda ya tsallake wannan, sai ya jira malamin dabbobi ya zo daga Dutsin-Ma ya yi masa allura. Ran kasuwa tun da sassafe zai kafa turaku nesa da juna yadda wani ba zai kai ga wani ba, ya ja layi da toka a ƙasa, ya ce ba mai tsallakewa sai da izininsa. Yaro ko na goye ne ba ya matsowa. Mai riƙe da tsire ko ƙosai sai ya cinye ya wanke hannu. Da kansa yake saƙa takunkumin kaba, kowane kare da nasa daidai bakinsa. Ya taɓa korar wani mai unguwa guda saboda ya zo da sanda, ya ce karnukan nan sun sha sanda ta ishe su, in sun gan ta ba su san mai unguwa ba.

Akwai kuma maganar babur. Karnukan da suka fito daga ƙauyukan da aka tasa ba sa ƙaunar ƙarar babur, don sun san abin da ke biyo bayanta. Da sun ji, sai su miƙe gaba ɗaya suna fizgar igiya. Ilu ya bi 'yan acaɓa ɗaya bayan ɗaya yana lallashi, har suka yarda suna kashe inji in za su wuce ta bayan rumbunan. Ni da na roƙe su shekara da shekaru su daina tayar mini da ƙura a kan abinci, ko kallo ban ishe su ba.

Amma abin da ya fi alfahari da shi, shi ne tsumma. Wannan dabarar ubansa ce ta mafarauta. Ilu ba ya ba ka kare ranar da ka zo. Zai ce ka kawo tsohuwar rigar da ka yi aiki da ita, wadda ta sha gumi ba a wanke ba. Sai ya shimfiɗa wa karen ita ya riƙa kwana a kai har kasuwa ta zagayo. In ka dawo, ya sa ka tauna ɗan abinci ka ba shi a tafin hannunka. Shi ke nan, an ƙulla. Karen zai bi ka gida ba tare da an ja shi ba, ba zai ciji na gidanka ba, ba zai gudo ya dawo kasuwa ya zama abin tsoro ba. Tsumman kuma Ilu yakan riƙe shi, ya jefa a wani buhu da ya rataye a reshen tsamiya, ko da wata rana.

Na ce masa, "Wai kai Sarkin Karnuka, wanga warin da ka tara mani kusa da abinci, so kake masu saye su gudu?"

Ya ce, "Uwar Ƙanzo, warin ga shi ne amana. Karen da ya kwana bisa rigar mutum, ko ƙasa ya shige sai ya tono shi."

Da fara'arsa ya faɗi haka, ni ma na yi dariya.

Abin ya karɓu, ba zan ɓoye ba. Masu lambu daga Zobe suka riƙa zuwa, da masu shaguna, da mutanen ƙauyukan da ba su riga sun tashi ba. Su ne ma suka fi yawa, don suna ganin in akwai kare a gida, ko ba komai za a ji haushi a samu a tsere. Ni kuma na zama mai ciyarwa ba tare da an nemi shawarata ba. Duk ƙanzon da na kankaro da ƙasusuwan da aka rage, can suke tafiya. Ina mita ina bayarwa. Motar keji ta zo sau da dama ta koma ba komai, Ilu yana zaune yana kallon ta yana tufka igiya. A wannan lokacin har ƙiba ya yi.

Cikin waɗanda suka zo akwai Maniru, wani manomi daga wani ƙauye gaba da Ɗantutture, mutum mai yawan dariya, da matarsa Batula da takan kawo kuka da kuɓewa busasshiya kasuwa. Idonsa ya faɗa kan wata 'yar karya ja mai farin ƙirji, wadda Ilu ke kira Durwa, sunan 'yar tsuntsuwar nan, saboda ƙanƙantarta. Ba ta da wani kwarjini, haushinta ma ba ya nisa. Ilu ya nuna masa manya, ya ce a'a, ita dai. A nan take ya tuɓe rigar noman da ke jikinsa ya miƙa, ya koma gida da 'yar shara, Batula tana ta yi masa tsiya a hanya. Da kasuwa ta zagayo, tun kafin ya iso layin toka Durwa ta miƙe tana kaɗa wutsiya kamar ta shekara da saninsa. Bayan haka duk zuwan da zai yi sai ya tsaya ya ba Ilu labari. Ta bi shi gona, ta bi shi rijiya, ta raka shi masallaci ta kwanta daga nesa har a sallame.

Damina ta yi nisa, dawa ta fi tsayin mutum. A irin wannan lokaci mutanen ƙauye in sun ji babura ba sa tsayawa, cikin dawa suke faɗawa, kowa ya kama kunya ɗaya ya kwanta ya yi shiru har a wuce. Dabarar da ta rage musu ke nan, kuma tana yi.

Wata ranar kasuwa da hantsi, ina cikin zuba wa wani abinci, na hango Batula tafe cikin hijabi har ƙasa, tana jan Durwa da igiya. Karyar tana turjewa tana waiwayen hanya. Batula ta tsallake layin toka ba ta nemi izini ba, Ilu kuma bai hana ta ba. Ta ɗaure igiyar a turke da kanta. Na ajiye ludayi na matso.

Ba kuka take yi ba. Ta ce da la'asar 'yan bindigar suka zo ƙauyensu. Durwa ce ta fara ji, ta yi haushi, kowa ya samu ya fita. Maniru ya rufe ta a zaure don kada ta bi shi, ya ja Batula suka shige dawa, ya kwantar da ita, shi kuma ya matsa gaba kaɗan. Mutanen suka bincike gidaje ba su samu kowa ba. Suna shirin tafiya ɗayansu ya bankaɗa ƙofar zauren.

"Baba Ilu, ko haushi ba ta yi masu ba. Hita ta yi ta sa hanci ƙasa. Ina kwance ina ganin ƙahwahunta ta wuce ni, su kuma suna biye. Ta tahi kai tsaye inda yake, ta tsaya bisa kanshi tana kaɗa bindi."

Can ta ce, "Ban ce laihinka ba ne. Ban ce laihinta ba ne. Amma ba ni iya ganin ta. Tun da aka rufe shi, can take kwana bisa kabarin."

Ilu ya ajiye igiyar da yake tufkawa. Ni kuwa tausayi da tsoro suka rufe ni lokaci guda, don na tuna maganar da ya yi mini ta tono mutum daga ƙasa, na kuma san shi ma ita yake tunawa.

Kafin la'asar labari ya gama kasuwa. Kasuwar da ta biyo baya, tun da safe aka fara dawo wa Ilu da karnukan. Ba wanda ya zage shi, abin da ya fi ciwo ke nan. Kowa zai zo ya yi sallama, ya ɗaure karensa, ya ce, "Malam Ilu, a yi haƙuri, muna da ɗiya." Har masu lambun Zobe, don su ma cikin masara suke ɓuya. Turaku suka ƙare, aka koma ɗaurewa a saiwar tsamiya da ƙafar rumbu. Tazarar da yake bari tsakanin kare da kare ta tafi, layin toka ya shafe da sawun mutane.

Na ce masa ya kai su bayan gari ya sake su mana. Ya dube ni kamar ban da hankali. Ya ce in ya sake su, ina nake zaton za su? Kowanne gidan mai rigarsa zai nufa. Haka kuwa aka yi da wani baƙin kare da ya cinye igiyarsa, da gari ya waye aka same shi kwance a ƙofar gidan mai shi, can wajen Zobe. Mutumin bai dawo da shi ba, taɓarya ya sa masa. Ba kuma a iya ba wani sabo, ko da akwai mai so, don karen da aka ƙulla da mutum ɗaya ba ya karɓar na biyu. Ilu da hannunsa ya yi ƙullin, ya kuma yi shi da kyau yadda shi kansa ba ya iya kwancewa.

Ya yi ta fama. Ya bar gidansa ya tare a gindin tsamiya. Ƙanzona da ke isar kaɗan bai kai ko'ina ba, mahauta suka gaji da roƙonsa, 'yarsa ta zo daga Dutsin-Ma ta yi kuka ta koma. Ya je ƙauyuka yana cewa zai koya wa karnukan zama wuri ɗaya in an umarce su, aka saurare shi cikin ladabi aka sallame shi. Karnukan suka rame, suka fara gurnani da junansu, takunkumi ya daina zama a bakunansu saboda rama. Durwa kuwa ta daina cin abinci gaba ɗaya, ta juya fuska wajen hanyar Ɗantutture ta kwanta.

Ranar da ya yanke shawara ina wurin. Wata 'yar talla ta ratsa ta bayan rumbu da farantin awara a ka, wani babban kare ya zabura, igiyar ta tsaya da shi saura kaɗan ya kai ga ƙafarta. Yarinyar ma ba ta lura ba, ta wuce tana kiran awara. Ilu ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya tashi ya shiga wurin Alhaji Mas'ud, ya ce a kira masu motar.

Alhaji ya ce, "Malam Ilu, ban kore ka ba. Ba a ciji kowa ba."

"Shi ya sa, Alhaji. Gobe ban sani ba."

Motar ta zo da rana tsaka, ba ranar kasuwa ba. Mutanenta suka sauko da wani dogon ƙarfe mai maƙata da suke shaƙo wuyan kare da shi, da sanduna. Karnukan suka haukace da haushi. Ilu ya tare su, ya ce su mayar da kayansu, su buɗe kejin su koma bayan layi. Sai da ya sake zuba toka ya ja layin, a ranar ma. Ya ce ba a zuwa wa kare ta baya, ba a ɗaga masa sanda, in suka yi yadda suka saba sai an ciji wani. Suka yi dariya, amma suka ja da baya.

Ya sauko da buhun nan daga reshen tsamiya. Ya zazzage shi a ƙasa, riguna da 'yan shara da ɗankwali, duk ya san na wane ne. Zai ɗauki tsumma ɗaya, ya kai hancin karen, ya jefa cikin keji, ya kwance igiya. Karen sai ya haura katakon da kansa yana kaɗa wutsiya, ya shiga ya kwanta a kai. Haka ya yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, ba duka ba tsawa. Masu motar suka daina dariya. Ni dai na zauna a kan turmi na rufe fuska da gyale, don baƙin cikin ya fi ƙarfina, kuma ban taɓa zaton zan yi wa kare hawaye ba.

Durwa ce ta ƙarshe. Na ɗauka sai an ɗauke ta, don ta kwana biyu ba ta miƙe ba. Da ya fito da rigar Maniru, tun kafin ya kai mata ta ɗago kai. Ta tashi tana tangaɗi, ta bi rigar har cikin kejin, ta zagaya ta sau ɗaya ta kwanta ta tura hanci a ciki. Ilu da kansa ya rufe ƙofar.

Shugaban masu motar ya sa hannu a aljihu zai biya, Ilu ya juya masa baya. Motar ta tashi. Ya bi turaku yana tsince igiyoyin, yana naɗe kowace a gwiwar hannu kamar yadda ya saba. Alhaji Mas'ud ya fito ya tsaya kusa da shi, ya ce, "Ka dai cika alkawari. Har aka gama ba a ciji kowa ba."

Ilu ya ce, "Ii. Ba a ciji kowa ba."

Igiyoyin nan su ya fara sayarwa a wajen 'yan awaki, da suka ƙare ya ci gaba da tufka wasu. Ƙauyen su Maniru ya tashi kafin a yanke dawa, Batula tana Dutsin-Ma wurin 'yan'uwanta. Wasu sababbin karnuka sun sake taruwa a bayan mahauta, motar kuma tana zuwa abinta. Kullum da azahar nakan aika masa da abinci, wani lokaci a dawo da kwanon yadda na zuba. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya duban masu saye, ko so yake a ce taubashina ya zama gunki. Ya ce rabin mutanen kasuwar nan ya san warin rigunansu, ba ya son ya ga fuskokinsu.